Tambayoyi da amsoshi kan neman takardun kamu da na kaziye (rajistar hukuncin kotu) a jihar Tawa ta Nijar

Mutane da dama suna zuwa ofishin magajin gari ko komisariya suna neman takardar da za ta nuna cewa an taɓa kama wane, ko kuma su kansu ba a taɓa kama su ba, sai a mayar da su gida hannu rabbana. Yawancin wahalar da ake sha tana faruwa ne saboda haɗa abubuwa biyu da doka ta raba: kamun da jami'an tsaro suka yi, da hukuncin da alƙali ya yanke. Kowannensu yana da wurin da ake rubuta shi, kuma kowannensu yana da waɗanda aka yarda su gani.

Zan iya zuwa ofishin magajin gari in nemi bayanin kamun da aka yi wa wani?

A'a, domin bayanin ba ya can. Abin da ƙaramar hukuma take riƙewa shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da takardun filaye da harajin kasuwa da makamantansu. Masu ikon kama mutum don binciken laifi ma'aikatan gwamnatin tsakiya ne: ƴan sanda da dakarun tsaron ƙasa na Garde nationale suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Idan suna aikin binciken laifi, wanda yake jagorantarsu shi ne mai shigar da ƙara na gwamnati da ke kotu, kuma a gare shi suke miƙa takardun bincikensu. Magajin gari, ko jami'in riƙo da aka naɗa a madadinsa tun bayan rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, ba ya cikin wannan layi. Haka ma fadar sarki ko ta maigari: suna sasanta rigingimun gona da na aure da na gado, amma ba su ajiye rajistar masu laifi ta hukuma.

Ba akwai dokar da ta ba kowa damar ganin takardun gwamnati ba?

Akwai ta. Ita ce doka mai lamba 2011-22 ta ranar 23 ga Fabrairun 2011, wadda aka sa wa hannu a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Janar Salou Djibo. Ta kafa ƙa'idar cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin neman takardun da ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi suke riƙe da su, kuma ta ɗora wa mai shiga tsakanin gwamnati da jama'a, wato Médiateur de la République, nauyin sauraren koken wanda aka hana. Da ita mutum zai iya neman kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa, ko rahoton wani aiki, ko wata sanarwa da aka aika wa ma'aikata.

Sai dai dokar da kanta ta keɓe wasu takardu da ba a bayarwa, kuma daga cikinsu akwai waɗanda bayyana su zai taɓa tsaron ƙasa, ko shari'ar da ke gudana, ko sirrin rayuwar mutum. Takardar da ke nuna cewa an tsare wane ranar kaza a kan zargi kaza ta faɗa cikin biyu daga waɗannan a lokaci guda. Bayan haka, dokar tsarin shari'ar laifuka, wadda asalinta yake komawa ga shekarar 1961, ta ce bincike sirri ne, kuma duk jami'in da yake da hannu a cikinsa wajibi ne ya kama bakinsa. Saboda haka ɗan sandan da ya ƙi buɗe maka rajistarsa bai zalunce ka ba. Da ya buɗe ne ma zai zama ya karya doka.

Abin da dokar 2011 za ta iya amfanar mai bincike da shi a wannan fanni shi ne alƙaluma waɗanda ba su ɗauke da sunan kowa, kamar yawan ƙararrakin da suka shiga wata kotu a shekara ko yawan mutanen da ke jiran shari'a a gidan kaso. A rubuce ake neman irin wannan, a faɗi takamaiman abin da ake so da shekarar da ake nufi, a kuma riƙe kwafin wasiƙar da hatimin ofishin da ya karɓa.

Me ake rubutawa idan an kama mutum, kuma ina rubutun yake zuwa?

Idan aka tsare mutum a komisariya ko a birgad ta jandarma, ana shigar da sunansa a rajistar tsarewa tare da dalili da ranar da sa'ar da tsarewar ta fara. Sa'ar tana da muhimmanci ƙwarai, domin a laifuka na yau da kullum wa'adin tsarewar bincike sa'o'i 48 ne, kuma ba a ƙara wasu 48 sai da izinin mai shigar da ƙara. A zargin ta'addanci wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Jami'in da ke bincike yana rubuta tambayoyin da ya yi da amsoshin da aka ba shi a takardar da kowa ya sani da suna PV, a karanta wa wanda ake tuhuma, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

A nan ya kamata a yi hattara. Duk da cewa kundin sabunta ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, da Faransanci ake rubuta takardun bincike da na kotu. Wanda bai iya karatun boko ba yana da haƙƙin a fassara masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala yatsa, domin abin da ya amince da shi a wannan ɗakin shi ne zai tarar a gaban alƙali.

Daga nan takardun suna zuwa ofishin mai shigar da ƙara, wanda zai zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi kaɗan: ya rufe maganar, ko ya kai ta gaban kotu kai tsaye, ko ya miƙa ta ga alƙalin bincike idan laifin babba ne ko kuma yana da sarƙaƙiya.

To mece ce takardar kaziye, kuma me take nunawa?

Kaziye rajista ce ta hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke wa mutum kuma suka tabbata, wato waɗanda lokacin ɗaukaka ƙara a kansu ya wuce ko kuma an ɗaukaka an gama. Ana fitar da bayaninta kashi uku. Mai lamba 1 tana ɗauke da komai, kuma hukumomin shari'a kaɗai ake ba. Mai lamba 2 an rage wasu abubuwa a cikinta, kuma wasu hukumomin gwamnati ne suke neman ta kai tsaye, misali wajen ɗaukar soja ko ma'aikaci. Mai lamba 3 ita ce wadda jama'a suka sani, wadda ake sakawa cikin takardun shiga gasar ɗaukar aiki ko na tsayawa takara, kuma mai ita kaɗai ake ba. Abin da ke fitowa a cikinta shi ne hukuncin ɗauri na zaman gidan kaso da ba a ɗage ba kuma ba a shafe ba. Idan babu komai, za ka ga an rubuta Néant a inda ya kamata hukuncin ya zauna, sannan hatimi da sa hannu a ƙasa.

Abin lura shi ne babu gurbin kamu a cikin wannan takarda ko kaɗan. Mutum zai iya kwana biyu a komisariya, ko ya yi watanni a gidan kaso yana jiran shari'a, idan daga ƙarshe kotu ta wanke shi takardarsa za ta fito fes.

Ina zan nemi tawa, kuma me zan riƙo?

Wurin haihuwa ake bi. Inda kake zaune yanzu ba ya cikin lissafi, domin duk kotun da ta yanke wa mutum hukunci a faɗin ƙasar tana aika bayanin ne zuwa ofishin magatakardan kotun da garin haihuwarsa yake ƙarƙashinta. Wanda aka haifa a cikin birnin Tawa, kotun Tawa zai nufa ko da ya shekara ashirin a Yamai. Wanda aka haifa a Ƙonni kuma kotun Ƙonni. Waɗanda aka haifa a wata ƙasa, kamar ƴaƴan ƴan cin rani da aka haifa a Abijan, nasu bayanin a Yamai ake tattara shi.

Babban abin da ake buƙata shi ne takardar haihuwa, ko hukuncin kotu da ke zama madadinta ga wanda ba a yi wa rajista da wuri ba, sai katin shaidar ɗan ƙasa da tambur. Yana da kyau a duba rubutun suna harafi bayan harafi kafin a bar tagar magatakarda. Idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, kaziye ta fito da Mamadou ko Mohamed, ana iya mayar maka da dosiyenka gaba ɗaya a ranar rufe karɓar takardu, kuma a lokacin babu mai sauraren bayaninka.

Galibin masu neman takardar suna sharɗanta kada ta wuce wata uku da fitowa. Don haka ba dabara ba ce a yi ta a ajiye don wata rana, kuma ba dabara ba ce a jira makon da aka sanar da gasar ɗaukar malamai ko ƴan sanda, lokacin da layi yake kaiwa bakin titi.

Ina cin rani a ƙasar waje. Ƙanena zai iya karɓo mini?

A ƙa'ida mai ita kaɗai ake miƙa wa takarda mai lamba 3. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka rubuta buƙatar da sunanka, ka haɗa da kwafin takardar haihuwarka da na katinka, ka kuma rubuta wa ƙanen naka takardar wakilci wadda ofishin jakadancin Nijar na inda kake ya tabbatar da sa hannunta. Wanda ya karɓi kaziyen wani ta hanyar amfani da sunan ƙarya ko muƙamin ƙarya ya aikata laifin da doka take hukuntawa.

An kama ni, an sake ni ba tare da an kai ni kotu ba. Wace takarda zan riƙe a matsayin shaida?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi sakaci da ita, domin wanda aka sako hankalinsa yana kan gida da iyali, ba ya son ya sake ganin ƙofar wurin. Amma shekaru biyar ko goma bayan haka, ranar da ofishin jakadancin wata ƙasa ya tambaye shi ko an taɓa kama shi, ko ranar da abokin gaba ya tono maganar don ya shafa masa kashin kaji, zai so a ce yana da takarda a hannu.

Takardar da za a nema ta danganta da matakin da maganar ta tsaya. Idan mai shigar da ƙara ne ya rufe ta, abin da ake kira classement sans suite, a ofishinsa za ka rubuta wasiƙa ka nemi shaidar rufewar, ka ambaci ranar kamun da wurin da aka tsare ka da lambar PV idan ka san ta. Idan alƙalin bincike ne ya ga babu hujjar gurfanar da kai, ya fitar da umarnin non-lieu, kwafin umarnin za ka nema. Idan kuwa an yi shari'a kotu ta wanke ka, sai ka nemi kwafin hukuncin a wurin magatakarda, ka haɗa da shaidar cewa ba a ɗaukaka ƙara ba, domin hukuncin da aka ɗaukaka ƙara a kansa bai gama zama ba tukuna. Wanda ya zauna a gidan kaso kuma ya adana takardar sallamar da aka ba shi ranar fita, saboda ita ce take nuna ranar da ya fita da dalilin fitar.

A ra'ayina ya kamata a nemi waɗannan takardu cikin watannin farko, tun dosiyen yana kusa kuma ma'aikatan da suka san maganar ba a canza musu wurin aiki ba. Yawancin ajiyar kotunanmu ta takarda ce, kuma neman dosiyen da ya shekara goma cikin ɗakin ajiya aiki ne da yake cin makonni. A yi kwafi biyu ko uku, a ɗauki hotonsu da waya, a ajiye na asali inda ruwan damina da gara ba za su kai ba.

An tafi da ɗana tun jiya. Ta yaya zan san inda yake da abin da ake zarginsa da shi?

A fara da komisariya ko birgad mafi kusa da inda aka ɗauke shi, a je da katin shaida da abin da ke nuna dangantaka. Ko da ba za a nuna muku takardun bincike ba, tambayar ko yana wurin tambaya ce halattacciya. Idan an yi ta yawo da ku, ko kuma wa'adin tsarewa ya wuce ba a kai shi kotu ba, wurin mai shigar da ƙara za ku kai kuka, domin shi ne doka ta ɗora wa sa ido a kan wuraren tsarewa.

Lauya yana iya abin da uba ba zai iya ba. Ƙa'idar UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta shekarar 2014 kan aikin lauyoyi ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, kuma idan magana ta kai gaban alƙali yana da damar duba dosiyen. Matsalar ita ce mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune. Wanda ba shi da hali yana iya tuntuɓar hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, kuma tana da ofisoshi a manyan kotuna. Idan yaron bai kai shekara 18 ba, alƙalin yara ne yake duba maganarsa, kuma ba a yin shari'ar a bainar jama'a.

Wani yana neman auren ɗiyata, ko ina son ɗaukar mai tsaron shago. Zan iya bincika ko ya taɓa zaman kaso?

Ba za a ba ka kaziyensa ba. Mai ɗaukar ma'aikaci yana iya cewa mai neman aikin ya kawo tasa da kansa. Binciken aure kuwa hanyarsa tana nan yadda aka gada, ta dangi da maƙwabta da abokan sana'a.

Takardata ta fito da hukuncin da ban san da shi ba. Me zan yi?

Wannan yana faruwa, kuma dalilinsa a fili yake. A gari ɗaya za a iya samun mutum goma masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma da yawansu takardunsu sun ce an haife su wajen shekara kaza, ko kuma ranar 1 ga Janairu. Wani lokaci kuma wanda aka kama ne yake ba da sunan ɗan'uwansa don ya tsira. Gyaran ba aikin magatakarda ba ne shi kaɗai, ko da ya gamsu da bayaninka. Ana rubuta buƙatar gyara a bi ta hannun mai shigar da ƙara zuwa kotun da ta yanke hukuncin, a haɗa da duk abin da zai nuna cewa kai ba wancan ba ne: sunan mahaifiya, da hoto, da shaidar inda kake a lokacin da aka ce kana tsare, kamar takardar makaranta ko hatimin shige da fice a fasfo.

Shugaban ƙasa ya yi mini sassauci na fito. Hukuncin ya goge ke nan?

Bai goge ba. Sassaucin da shugaban ƙasa yake yi wa fursunoni yana rage zaman kaso ne kawai, hukuncin yana nan a rubuce. Abin da yake shafe shi shi ne afuwar da aka yi ta hanyar doka, ko kuma mayar wa mutum da mutuncinsa a shari'ance. Wannan na biyun yana samuwa ko dai da kansa bayan wasu shekaru idan mutum bai sake yin laifi ba, ko kuma ta hanyar buƙatar da ake shigarwa wurin mai shigar da ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta duba halin mutumin tun fitarsa sannan ta yanke. Akwai kotun ɗaukaka ƙara a nan Tawa, bayan ta Yamai da ta Damagaram.

Ni ɗan jarida ne. Me zan iya wallafawa game da wanda aka kama?

Zaman kotu a buɗe yake ga kowa sai inda alƙali ya rufe, kuma a gaban jama'a ake karanta hukunci, don haka abin da aka faɗa a zauren kotu shi ne tushe mafi ƙarfi ga mai ba da labari. Kafin nan mutum wanda ake zargi ne kawai, kuma haka ya kamata a kira shi. Al'adar ɗaukar hoton waɗanda aka jera a harabar komisariya a watsa a Facebook da WhatsApp tare da sunayensu da unguwanninsu tana da haɗari ga mai watsawa: dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani, kuma akwai dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP take kula da ita. Ko an ajiye maganar doka gefe, hoton yana ci gaba da yawo a wayoyi bayan kotu ta sallami mutumin, kuma ba kasafai wanda ya watsa kamun yake dawowa ya watsa wankewar ba.

Ɗan'uwana yana Amurka, ya ce can kowa yana iya ganin bayanin kamu. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, domin tsarinsu ya bambanta da namu. A can ƴan sandan birni da na gunduma ma'aikatan ƙananan hukumomi ne, kuma kowace jiha tana da dokarta ta buɗe takardun hukuma. Dokar tarayya ta 1966 da aka fi sani da FOIA hukumomin tarayya kaɗai ta shafa. Wanda yake neman bayanin kamun da ƴan sandan birni suka yi, dokar jihar zai bi, kamar ta Kalifoniya ta 1968 ko ta New York ta 1974. A jihohi da yawa sunan wanda aka kama da ranar da zargin abubuwa ne da ake bayarwa ga mai nema, kuma jihar Florida ta yi suna wajen buɗe irin waɗannan bayanai. Duk da haka ana riƙe abin da ya shafi yara, da binciken da ba a gama ba, da dosiyen da alƙali ya ba da umarnin a rufe.

Ga ɗan Nijar da ke zaune can, abin da ya fi shafarsa shi ne hukumar shige da fice tana tambaya ko an taɓa kama mutum, ko da an janye tuhumar ko an rufe dosiyen, kuma tana son kwafin da kotu ta tabbatar wanda ke nuna yadda maganar ta ƙare. A ofishin magatakardan kotun da ta saurari ƙarar ake samun wannan. Wanda yake son ganin abin da hukumar FBI ta rubuta a kansa kuma yana iya nema ta hanyar aika zanen yatsunsa. Haka nan mai neman bizar zama daga nan gida, idan ya kai shekara 16, za a nemi kaziyensa ta Nijar, kuma idan an taɓa yanke masa hukunci a ko'ina za a nemi takardun kotun.

Na zauna shekaru a Sakkwato. Kaziyen Nijar za ta wadatar?

Idan ƙasar da kake son zuwa ta nemi shaida daga duk inda ka daɗe, ba za ta wadatar ba. A Najeriya rundunar ƴan sanda ce take ba da takardar shaidar hali bayan ɗaukar zanen yatsu, ba kotun garin haihuwa ba, don haka can za ka nemi tasu ka haɗa da ta gida.

An ce in ba da wani abu a gaggauta mini. Ya halatta?

Kuɗin da doka ta sani shi ne na tambur da na ofishin magatakarda, kuma duk abin da ka biya a hukumance kana da haƙƙin karɓar rasit a kansa. Masu tsayawa a bakin ƙofar kotu suna cewa sun san wani a ciki ba ma'aikata ba ne, kuma takardar da ta bi ta hannunsu tana iya zama ta jabu, wadda amfani da ita da sanin cewa ta jabu ce laifi ne. Idan an ƙi ba ka takardarka ba tare da dalili ba, ko an riƙe ta fiye da kima, ka nemi ganin babban magatakarda; idan hakan bai yi ba, ka rubuta wa mai shigar da ƙara na kotun, ka ambaci ranar da ka ajiye buƙatarka, ka haɗa da kwafin rasit ɗinka.